"Cire Shi Daga Ranka": Magani Ne Ko Ƙarin Ciwo?

Akwai wata shawara da ba ta da tsada a bakin kowa. Mace ta ce wa yayarta wani mugun tunani na damunta, yayar ta ce, "Cire shi daga ranki." Saurayi ya faɗa wa malaminsa cewa yana tsaye a sallah sai wata mummunar magana ta faɗo masa a rai, malam ya ce, "Kada ka ƙara tunawa da ita." Da zuciya ɗaya ake ba da wannan shawara, kuma ga mafi yawan mutane tana wucewa lafiya, domin dama tunanin ba zama ya zo yi ba. Amma akwai waɗanda suka shafe shekaru suna cirewa, abin yana dawowa kamar an aiko shi: masu ciwon waswasi, masu fargabar da ba ta saki, masu baƙin ciki mai nauyi, da waɗanda suka ga masifa da idonsu kuma hotonta ya ƙi barinsu su yi barci. A kan waɗannan ne masana halayyar ɗan Adam suka rabu biyu kusan shekara arba'in ke nan. Wasu na cewa danne tunani shi ne yake ciyar da ciwon. Wasu na cewa iya danne shi ne yake raba mai warkewa da wanda ya maƙale. Kowane ɓangare yana riƙe da hujja, kuma ina ganin ba a yi wa ko ɗaya adalci idan aka saurari rabin maganarsa.

Abu guda ne ba su saɓa a kansa ba: tunani mai kutse ba shi kansa ne ciwon ba. A 1978 wasu masana biyu a Landan, Stanley Rachman da Padmal de Silva, suka tambayi mutane masu ƙoshin lafiya ko wani tunani marar daɗi yakan faɗo musu ba da sonsu ba. Kusan kashi 80 cikin 100 suka amsa da e. Da aka cakuɗa irin tunanin nasu da na majinyata aka miƙa wa ƙwararru su tantance, ƙwararrun sun sha wuya wajen bambancewa. A 2014 Adam Radomsky na Jami'ar Concordia a Kanada da abokan aikinsa suka tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, har da Saliyo da Iran da Turkiyya, aka samu kusan kashi 94 cikin 100 sun gamu da irin wannan kutse cikin wata uku da suka wuce. A wani bincike da Nichole Fairbrother da Sheila Woody suka buga a Kanada a 2008, kusan duk masu jegon da aka tambaya sun ce hoton wani haɗari ya sami jaririnsu yakan faɗo musu, kusan rabinsu kuma sun ce har tunanin su cutar da shi da hannunsu ya taɓa gilma musu, abin da ya tayar musu da hankali matuƙa. Ke nan baƙon yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Tambayar ita ce me ya sa yake shimfiɗa tabarma a wasu gidajen.

Amsar ɓangare na farko ta samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin gwaji da Daniel Wegner ya buga a 1987, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Trinity da ke San Antonio a jihar Texas ta Amurka. Ya ɗauko dabarar daga wata magana da marubucin Rasha Dostoevsky ya yi a 1863 game da farar beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara. Aka zaunar da ɗalibi shi kaɗai, ga rakoda, ga ƙararrawa a kan tebur. Aka ce ya yi ta faɗin duk abin da ke zuwa masa a rai har minti biyar, amma kada ya tuna farar beyar, in kuma ya tuna ya buga ƙararrawa. Ƙararrawar ba ta huta ba: a matsakaici an buga ta fiye da sau ɗaya a kowane minti. Abin da ya fi jan hankali ya zo ne daga baya. Da aka ce musu yanzu an sake ku, ku yi tunaninta yadda kuka ga dama, waɗanda aka fara hanawa sun fi yawan tuna ta a kan waɗanda tun farko aka bar su su tuna. Kamar ruwan da aka tare da hannu, ana ɗagawa ya kwararo da ƙarfi.

A 1994 Wegner ya fito da bayanin dalili. Ya ce idan mutum ya ƙudurta ba zai tuna wani abu ba, ma'aikata biyu ne suke tashi a ƙwaƙwalwarsa. Na farko yana neman abin da zai shagaltar da shi, kuma wannan aiki ne mai cin ƙarfi. Na biyu mai gadi ne, yana leƙe ko abin da aka hana ya shigo. To mai gadi ba zai gane ɓarawo ba sai yana riƙe da kamanninsa, don haka shi kansa yake ajiye hoton a bakin ƙofa. Muddin mutum yana da ƙarfinsa, na farkon yana rinjaye. Ranar da gajiya ta zo, ko rashin barci, ko damuwar kuɗin makaranta da na cefane, mai aikin ya kwanta, mai gadin kuwa ba ya runtsawa. Duk wanda ya taɓa kwanciya yana umartar kansa da ya yi barci don gobe akwai sammako ya san wannan a jikinsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun karɓi wannan bayani hannu bibbiyu domin ya yi daidai da abin da suke gani a ɗakin duba marasa lafiya. Tun 1985 Paul Salkovskis ya nuna cewa mai ciwon waswasi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da OCD, ya bambanta da sauran mutane ta fassarar da yake yi wa tunanin. Wani zai ji abin ya gilma ya ce "kai, wannan kuma daga ina," ya ci gaba da harkarsa. Shi kuwa zai ce tunda na yi tunaninsa, ashe haka nake, ko kuma in ban yi wani abu ba zai faru kuma alhakin yana wuyana. A duba mutumin da ke tsugune da buta a bakin masallaci. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya kai ƙafa, sai zuciya ta ce anya ka shafi kai? Ya koma farko. Buta ta ƙare, ya tashi ya koma famfo, liman ya kai raka'a ta biyu, hannun rigarsa ya jiƙe sharkaf. Kowace maimaitawa tana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin ne yake koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa shakkar gaskiya ce, gara da aka sake. Haka mai jegon da ta ɓoye wuƙaƙen kicin, ta daina yi wa jaririnta wanka ita kaɗai, take kwana tana korar hoton da ya tsorata ta. Korar tana zame mata shaida cewa akwai abin tsoro.

Magani mafi ƙarfin hujja ga wannan ciwo yana goyon bayan ɓangaren farko. Victor Meyer ya fara shi a Landan a 1966: a bar majinyaci ya fuskanci abin da ke tayar masa da waswasi, a kuma taimake shi ya haƙura da maimaitawar da ya saba, har fargabar ta hau ta sauka da kanta ya ga sama ba ta faɗo ba. A fagen firgicin da ke biyo bayan masifa ma, Anke Ehlers da David Clark sun lissafa ƙoƙarin korar hotunan abin da ya faru cikin abubuwan da ke hana ciwon warkewa, a bayanin da suka buga a shekarar 2000. Daga nan magana ta zama tamkar doka a littattafan koyarwa: kada ka danne, bar shi ya zo, ka zauna da shi.

Sai dai dokar ta yi faɗi fiye da hujjar da aka gina ta a kai, kuma nan ne ɓangare na biyu ya sami ƙofa. Gwajin farar beyar yana da wata matsala a cikinsa: wanda aka ce ya buga ƙararrawa duk sanda ya tuna, an ɗora masa aikin gadi tun daga farko. Dole ya riƙe dabbar a ransa don ya san lokacin bugawa. Da Jonathan Abramowitz da abokansa suka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya a 2001, sun tabbatar da cewa dawowar tunani bayan dannewa gaskiya ce, amma girmanta ƙarami ne zuwa matsakaici, kuma yana canzawa gwargwadon yadda aka auna. A wannan shekarar ce kuma Michael Anderson da Collin Green na Jami'ar Oregon suka buga wani gwaji na daban a mujallar Nature. Ana koya wa mutum kalmomi bibbiyu a haɗe. Daga nan a riƙa nuna masa ta farko: wani lokaci a ce ya tuno abokiyar haɗinta, wani lokaci a ce ya kalli kalmar sosai amma ya hana abokiyar shigowa. Bayan maimaitawa da yawa, kalmomin da aka hana sun fi wuyar tunowa a kan waɗanda ba a taɓa ba sam. Binciken hoton ƙwaƙwalwa da ya biyo baya ya nuna cewa sashen da ke bayan goshi yana rage aikin sashen da ke tono abubuwan da aka adana, kamar yadda direba ke taka birki.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ta fito ne daga Faransa. Bayan hare-haren 13 ga Nuwamba 2015 a Paris, waɗanda suka kashe mutum 130, wata tawaga a birnin Caen ƙarƙashin Pierre Gagnepain ta gwada mutum 102 da abin ya rutsa da su, tare da wasu 73 da ba su kasance a wurin ba. Cikin waɗanda suka tsira, 55 sun kamu da ciwon firgici, 47 ba su kamu ba. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa waɗanda ba su kamu ba birkinsu yana aiki kamar na sauran mutane, masu ciwon kuwa nasu ya raunana. Wannan ya juya tsohuwar fahimta. Da ana cewa majinyaci yana fama ne saboda yana dannewa. Yanzu akwai dalilin tambaya ko yana fama ne saboda dannewarsa ba ta ci, shi ya sa muke ganinsa kullum yana kokawa. Wanda ya yi nasara ba ya zuwa asibiti, don haka likita bai taɓa ganinsa ba.

A 2023 Anderson, wanda ya koma Jami'ar Cambridge a Ingila, da ɗalibarsa Zulkayda Mamat suka kai maganar mataki na gaba. Lokacin annobar korona suka horar da mutum 120 daga ƙasashe 16 ta Zoom, kwana uku. Kowa ya rubuta abubuwan da yake tsoron su faru, ya ba kowanne kalma guda da za ta tuna masa shi. Ana nuna kalmar, ya kalle ta, ya gane abin da take nufi, sannan ya tsaya nan, ba ya barin zuciya ta zana hoton, ba ya kuma gudu zuwa wani tunanin. Tsoron bai dawo da ƙarfi ba kamar yadda tsohuwar doka ta yi hasashe. Hotunan sun dusashe, fargaba ta ragu, kuma waɗanda suka fi alamun firgici da damuwa tun farko su suka fi amfana. Bayan wata uku an sake duba su, amfanin bai gushe ba, musamman ga waɗanda suka ci gaba da amfani da dabarar.

To wa ke da gaskiya? Idan aka zuba ido kan abin da mutanen Cambridge suka yi a zahiri, za a ga bai yi kama da abin da mai buta yake yi ba ko kaɗan, duk da sunan da aka ba su ɗaya ne. Su an sa su fuskanci kalmar da ke tuna musu tsoronsu, sau da yawa, ido cikin ido. Ba su kauce mata ba, ba su nemi tabbaci ba, ba su yi wani abu don goge ta ba. Abin da suka ƙi kawai shi ne bin ta zuwa cikin daji. Mai waswasi kuwa yana kauce wa duk abin da zai tuna masa, yana leƙa zuciyarsa kowane lokaci ko tunanin ya tafi, yana jayayya da shi, yana biyansa fansa da maimaitawa. Na farko ya ga baƙo a ƙofa ya gane shi ya ƙi ba shi wurin zama. Na biyu ya bar aikinsa ya kwana a zaure da sanda yana jiransa. A ganina wannan ne ya sa maganin Meyer da horon Anderson, da ake ɗauka kishiyoyi, suka haɗu a abu biyu: kada a guji abin da ke tunarwa, kada kuma a amsa wa tunanin.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. Malaman mazhabar Malikiyya sun ware hukunci na musamman ga wanda shakka ta zame masa jiki. Littafin Ahalari, wanda yara ke haddacewa, ya umarci mai waswasi da ya bar waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Risala ta Ibn Abi Zaid ma haka ta tafi. A lura da inda nauyin hukuncin ya faɗa: an hana shi maimaitawa, wato abin da ke hannunsa, ba a ɗora masa alhakin hana shakkar zuwa ba. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, inda wasu sahabbai suka kai kukan cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, Manzon Allah (SAW) ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Wannan amsa ta tumɓuke fassarar da Salkovskis ya ce ita ce tushen ciwon, wato zaton cewa tunanin yana bayyana ko kai wane ne. Tun a ƙarni na goma Abu Zaid al-Balkhi ya ware babi kan waswasi a littafinsa na gyaran jiki da rai, yana ɗaukarsa ciwo mai neman magani.

Mai suka zai ce wannan wasa da kalmomi ne: idan abin ya yi aiki ka kira shi ƙin bi, idan bai yi ba ka kira shi kokawa. Sukar tana da nauyi, kuma da ba a iya ganin bambancin daga waje da na yarda da ita. Amma ana iya gani. A tambayi mutum abin da yake yi bayan tunanin ya zo. Yana komawa ga abin da yake yi, ko yana tsayawa ya duba ko ya tafi? Akwai wuraren da ya daina zuwa, da abubuwan da ya daina taɓawa? Yana tambayar malamai biyar tambaya ɗaya? Ko neman tsari da Allah, wanda a asalinsa faɗa ne sau ɗaya a wuce, mai waswasi yana iya mayar da shi ƙidaya, sai ya yi sau bakwai, in ya ji bai zauna ba ya sake. A nan ibada ta koma abincin ciwon, kuma malamin da ya ƙara masa wuridi don ya kore tunanin ya ƙara masa kaya ne ba da saninsa ba.

Cututtukan ma ba ɗaya ba ne, kuma nan ne dokar "bar shi ya zo" ta fi yin ɓarna. Susan Nolen-Hoeksema ta nuna tun 1991 cewa tuƙa da warwara a kan abin da ya wuce, me ya sa ni, ina laifina, yana tsawaita baƙin ciki mai nauyi yana kuma zurfafa shi. Wanda ke cikin wannan hali ba ya bukatar a ce masa ya ƙara zama da tunaninsa, ai zaman ne ya cinye shi. Abin da yake bukata shi ne iya tsayar da zaren. Masu maganin fargaba ma tun shekarun 1980 suke koya wa majinyata su ɗage damuwa zuwa wani lokaci da suka ware a rana, wanda shi ma wani nau'i ne na cewa ba yanzu ba.

Duk da haka ba na ganin binciken Cambridge ya isa a miƙa wa kowa lasisin dannewa. Mutum 120 ba su da yawa. Ba majinyatan da likita ya tantance ba ne, kuma da bakinsu suka ba da rahoton yadda suke ji. Abin da suka danne tsoron gobe ne, irin kada mahaifina ya kamu da korona, wanda ya sha bamban da tunanin saɓo ko na cutar da ɗan cikinka, mai zuwa da kunya da zargin kai. Binciken Paris kuma bai iya tantance ko raunin birkin ne ya jawo ciwon ko ciwon ne ya raunana birkin ba. Sannan mutanen nan an horar da su ne mataki-mataki, da mai koyarwa a gabansu. Yayar da ta ce "cire shi daga ranki" ba ta koyar da komai ba, umarni kawai ta bayar, kuma idan ƙanwar ta kasa, sai ta ƙara da zargin kanta da raunin imani ko mugun hali, ta kuma daina faɗa wa kowa. Shirun nan shi ya sa masu waswasi da yawa suke shekaru kafin su isa wurin likita, alhali akwai magani na magana da na ƙwaya a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri.

Akwai kuma iyakar da duk wannan muhawara ba ta ƙetare ta. Duk abin da aka faɗa ya shafi tunanin da mai shi yake ƙyama, yake tsoro, yake fatan rabuwa da shi. Idan tunanin kashe kai ya fara zame wa mutum abin sauƙi a rai, ko ya fara tsara yadda zai yi da lokacin da zai yi, ko mai jego ta daina barci kwana da kwanaki, tana jin muryoyi, tana gaskata abin da babu shi game da jaririnta, wannan ba waswasi ba ne, kuma ba a ce masa "share" ko "zauna da shi". Kada a bar mutumin shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.